Yadda ake aski da samfurin sabulu ba tare da an yi asararsa ba

Tun da 'yan biɗa suka fara dawo mana Tawa da ƙananan robobin sabulun aski cikin tsaraba, wasu daga Abijan, wasu daga Aljeriya, wasu kuma 'yan'uwa ne ke aikowa daga Faransa, tambaya guda ake ta maimaita mini: wannan ɗan abin da bai fi cokali biyu ba, yaya ake aski da shi? Wani ya cusa jiƙaƙƙen buroshi cikin robar, ruwa ya cika ta, sabulun ya ƙare a zama biyu. Wani ya lakata da yatsa ya shafa a haɓa, reza ta yi ta kartarsa, ya ce sabulun banza ne.

Amfanin samfuri ɗaya ne, ya gaya maka ko fatarka za ta karɓi sabulun kafin ka zuba kuɗi a babban kwano. Amsar kuwa ba ta fitowa a ƙamshi, ba ta fitowa a askin farko, sai kwana biyu bayan reza ta wuce. Duk matakan da ke ƙasa don ɗan gutsuren nan ya kai ka wurin ne. Sun shafi mai aske fuska duka, irin soja da jandarma da ɗan sanda, sun shafi mai barin gemu yana gyara saje da wuya, sun kuma shafi mai aske kai tal.

1. Samo shi, ka yi lissafi

Samfuri kan zo tsakanin giram 7 zuwa giram 30. Ƙanana su ne waɗanda shagunan kayan aski na Turai ke ɗiba daga babban kwano su zuba a 'yar roba. Manya su ne irin na Stirling na Amurka, da ke kai kusan giram 30. Aski ɗaya na fuska yana cin giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi idan an iya tayar da kumfa, na kai kuma kusan ninki biyu. Ke nan giram 10 ya isa fuska sau shida zuwa goma, kai kuma sau uku zuwa biyar.

Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, kuma a tsaye yake, don haka lissafin ba wuya. Sandar sabulun Arko ta Turkiyya, mai giram 75, yuro ɗaya zuwa biyu ce a Turai. Kwanon Proraso na Italiya yuro kaɗan ne. Martin de Candre na Faransa mai giram 200 kuwa ya haura yuro 40, wato sama da jaka 26 tun kafin a ɗora kuɗin kawowa. A irin wannan na ƙarshe ne samfuri ke da ma'ana. Wanda ya biya kuɗin jirgi don a kawo masa samfurin Arko ya yi asara, tunda sandar duka ta fi samfurin arha.

Hanyar da na fi so ita ce ta haɗin gwiwa. Ku biyar a fada ɗaya, kowa ya sa a sayo masa iri guda, daga Babbar Kasuwar Yamai ko ta hannun mai dawowa daga waje, sannan ku yanyanka ku raba. Sandar giram 75 gida biyar ta ba kowa giram 15. Da kuɗin sabulu ɗaya kowa ya gwada biyar.

Hattara: idan za a aiko da shi a bas daga Yamai, ka ce a naɗe shi cikin tufafi a tsakiyar jaka. Tafiyar sama da kilomita 500 ce, kuma ɗakin kaya na ƙarƙashin mota yana ɗaukar zafi. Sabulu mai laushi kan iso ya zube gefe guda, mai ya taso samansa. Haka ma wanda ya yini a rana kan teburin mai koli: buɗe ka shinshina, idan warin tsohon mai ya rinjayi turaren, bar masa kayansa.

2. Duba abin da ke ciki

Sabulun aski ya bambanta da na wanka, shi ya sa kumfarsa ke tsayawa a fuska ba ta bajewa. Akwai wanda aka yi da kitse, akwai na man itatuwa zalla, kwakwa ko kwakwar manja ko kaɗe. A jikin kwali, kalmar tallowate na nufin kitsen sa ko na tunkiya, Arko na cikin wannan rukuni. Idan ka ga lardate ko Adeps suillus, kitsen alade ne. Ba su da yawa, amma akwai su, musamman a wajen masu haɗa sabulu a gida. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kitsen dabbar da bai san yankanta ba, ya nemi na man itace, Proraso da Martin de Candre duka haka suke.

Matsalar samfuri ita ce sau da yawa 'yar robar ba ta ɗauke da komai sai suna. Sa sunan a waya ka nemi jerin kayan haɗin. Wanda ba shi da ko suna, kada ka kai shi fuska.

Abubuwa uku sun fi tayar wa mutane da fata: turare mai ƙarfi, musamman mai kirfa ko kanumfari ko ɓawon lemo, lanolin, wato maiƙon gashin tumaki, wanda Mitchell's Wool Fat na Ingila ya yi suna da shi, da mantol, abin da ke sa koren Proraso sanyi. Kafin aski, tayar da 'yar kumfa da yatsa, ka ɗora a cikin gwiwar hannu ko bayan kunne, ka bar ta minti biyar ka wanke. Ka jira har washegari. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ya tasa, ba wa wani samfurin. Mantol kan yi sanyi mai ɗan tsikari, wannan ba laifi. Zafi mai ƙaruwa shi ne abin gudu.

3. Haɗa kayan aiki

Buroshi ne kan gaba. Da yawa cikin masu arha a kasuwa na gashin alade ne, ko da ba a rubuta da manyan baƙi ba. A kwalin Faransanci za ka ga soie de porc ko sanglier. Ni dai na roba nake ba kowa shawara, kuma dalilin bai tsaya ga tsarki ba. Na roba ba ya shan sabulu, ba ya buƙatar jiƙo, yana bushewa da wuri. Buroshin gashin dabba kan haɗiye kumfa a cikinsa, sabo ma ya fi, ga wanda ke da giram 10 kacal wannan babban rashi ne. Omega na Italiya na yin iri biyun, ka duba da kyau. Akwai kuma na gashin doki ga wanda ya samu.

Sai kwano. Ƙaramin kwanon silba ko na tangaran, wanda faɗinsa ya kai tafin hannu, zurfinsa kamar yatsu uku. Kofin shayi ya yi ƙunci. Gwangwanin tumatir ko na Nescafé na tsatsa, bakinsa kuma na yanke gashin buroshi. Ƙoƙo yana tayar da kumfa da kyau saboda kaushin cikinsa, sai dai yana riƙe ƙamshin sabulun jiya ya gauraya da na yau, don haka bai dace da gwaji ba.

Reza, wadda ka saba da ita. Idan Astra kake sawa, ko Nacet, ko Lord ta Masar, ko Dorco, ci gaba da ita. Sai ƙaramin cokalin shayi, dunƙulen alif wanda ka goge bakinsa ya yi sumul, tawul mai tsabta, da ɗan man kaɗe.

Hattara: kada ka sake reza ko buroshi a makon da kake gwada sabulu. Idan ka sake biyu tare kuma ƙuraje suka fito, ba ka san wanda za ka kama da laifi ba.

Ruwa kuma yana da nasa zance a nan Adar. Ƙasarmu ta farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, kuma rijiyoyi da yawa ruwansu na da nauyi ko zartsi. Leƙa cikin butar shayinka. Idan farin ɓawo ya kama gindinta, ruwanka na kashe kumfa. Sabulun da ake yabo a Turai sai ya zo nan ya yi ta tsinkewa, a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Kofi ɗaya na ruwan kwalba ya isa tayar da kumfa, da damina kuma tataccen ruwan sama ya fi kowanne. Wankin fuska ka yi da ruwan da kake da shi. Kada ka karɓi ruwa daga wajen masu gyaran batir da sunan tataccen ruwa ne, ana ajiye shi kusa da asid, jarka kuma kan yi kama da jarka.

4. Ɗebo ka liƙa a gindin kwano

Nan ne aka fi yin ɓarna. Buroshi ba ya shiga cikin robar samfuri. Bakinta ƙarami ne, gashin na tanƙwarewa, ruwa na zama a ciki, abin da ya rage ya yi ta narkewa har ya yi wari. Sabulun ake fitowa da shi.

Danna shi da babban yatsa ka ji irinsa.

Idan ya lotsa cikin sauƙi, mai laushi ne, irin Proraso ko Cella mai ƙamshin almon. Ɗebi rubu'in ƙaramin cokali da busasshen cokali, ka rufe robar nan take. Sa abin da ka ɗiba a gindin kwano, ka murza shi da yatsa har ya baje ya yi siriri, faɗin kamar kwabon dala ashirin sau biyu, ya manne da ƙarfen. Idan ka bar shi dunƙule, buroshi zai yi ta kora shi a kwano, ko ya shige cikin gashi ya ɓuya, daga baya ka gan shi manne a kumatu bai narke ba. Kwanon ya zama busasshe lokacin liƙawa, don sabulu ba ya kama jiƙaƙƙen wuri.

Idan bai lotsa ba, mai tauri ne, irin Tabac na Jamus ko Mitchell's. Wannan kankare shi za ka yi da tsohuwar reza mai tsabta ko magogi, ya zama siraran ɓawo. Tara su a gindin kwano, ɗiga ruwan ɗumi ɗigo uku ko huɗu, ka danne da bayan cokali har su haɗe. A mai tauri gara ka kankare samfurin duka a lokaci guda, ka danne shi a kwanon da zai zauna, ka bar shi ya kwana a buɗe. Da safe ya kama, sai ka riƙa ɗiba da buroshi daga samansa kamar cikakken sabulu. Kafin kowane aski ɗiga masa ɗan ruwan ɗumi ya jira minti biyu, ka tsiyaye ruwan a tafin hannu ka shafa a fuska, kada ka zubar.

Idan yankin sanda ne, irin Arko ko La Toja ta Sifaniya, ba ka ma buƙatar kwano. Jiƙa fuska, ka goga yankin a kan gashi yana tayar da shi har wurin ya yi fari-fari, sannan buroshi ya biyo.

Hattara: kada ka ɗora sabulu a wuta don ya narke ya zauna daidai a kwano. Na gilisarin mai garai-garai ne kaɗai ke narkewa lafiya. Na kitse kumbura yake yi ya ƙone, turaren ya tashi. Kuma kada ka jiƙa mai laushi da ruwa ka bar shi, zai zama kunu kafin ka dawo.

5. Jiƙa gashin

Busasshen gashin gemu yana da taurin da ke dakushe reza. Minti biyu zuwa uku cikin ruwa ke sa ya yi laushi. Mafi sauƙi ka yi aski da ka fito wanka. In ba haka ba, wanke wurin da sabulun wanka don maiƙo da ƙura su fita, ka ɗora jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi. Da bazara ruwan randa ma ya isa, da hunturu ne ake neman na ɗumi. Mai zafi sosai yana busar da fata. Kada ka goge fuskar, bar ta da ruwanta.

Kashe fanka, ka kauce wa bakin taga. Iskar hunturu na busar da kumfa a fuska cikin minti ɗaya.

6. Tayar da kumfa

Tsoma buroshi a ruwa, ka matse shi a hankali da yatsu, ka yarfe sau ɗaya. Ya zama da laima, ba ya ɗiga. Ruwa ana ƙara shi daga baya, amma in ya yi yawa tun farko ba a iya cire shi sai da ƙarin sabulu, kai kuma ba ka da na ƙari.

Ɗora bakin gashin a kan sabulun da ka liƙa, ka riƙa juyawa ba tare da ka danne shi har gindi ba. Cikin rabin minti za ka ga abu mai kauri ya kama bakin buroshi, yana ja, yana ƙara mai ɗanƙo a kwano. A nan mutane da yawa ke tsayawa su kai fuska, kuma nan ne kuskuren. Wannan sabulu ne da bai sha ruwa ba. Zai toshe reza, ya bushe a kumatu ya yi ta zuba kamar gari.

Tsoma yatsu a kofin ruwa ka ɗiga ɗigo huɗu ko biyar. Juya na daƙiƙa ashirin. Sake ɗigawa, sake juyawa. Da farko manyan ƙwayoyin iska za su taso, ci gaba da juyawa har su ɓace kafin ka ƙara wani ruwan. A hankali launin zai sauya daga fari mai dishi-dishi zuwa fari mai sheƙi, ƙarar ɗanƙon ta ragu, buroshi ya riƙa zamewa. Abin da kake nema ya yi kaurin kindirmo mai kyau: idan ka ɗaga buroshi, tsinin kumfar ya miƙe sannan kansa ya ɗan sunkuya. Tsinin da ya tsaya ƙyam na son ƙarin ruwa. Wanda ya zube nan take ya sha da yawa. Duka aikin minti biyu ne zuwa uku, kuma goga yatsa a gindin kwano zai nuna maka ko sabulun ya narke duka.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Lakato kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni ka murza. Kumfa mai kyau na santsi, yatsun na zamewa da kansu. Sannan ɗora wani a bayan hannu ka ƙirga sittin. Idan ta zauna da sheƙinta, ta yi. Idan ta huhhuje fata ta fara leƙowa, ko dai ruwa ya yi yawa, ko sabulun ya yi kaɗan, ko ruwan rijiyar ne.

Kowane sabulu da ƙishirwarsa. Na kitse da man kaɗe kan sha ruwa fiye da yadda ake zato. Arko ba ya wahalar da kowa, ko da ruwa mai nauyi yana tashi. Mitchell's kuwa sananne ne wajen gardama da irin ruwanmu, kada a yanke masa hukunci sai an gwada shi da ruwan kwalba. Ni a ganina kumfar farko ta kowane samfuri gara a yi ta a tafin hannu ba don aski ba, a yi ta ƙara ruwa da gangan har ta lalace, don a ga iyakarta. Giram ɗaya ke nan ya tafi, amma ya tsare sauran.

Kai kumfar fuska da juyi na rabin minti don ta shiga ƙarƙashin gashi ta tayar da shi, sannan ka daidaita ta da shafa sama da ƙasa. Tulin kumfa ba ya ƙara komai, wadda ta taɓa fata ce ke aiki. Da hunturu shafa gefe guda ka aske, sannan ka shafa ɗayan. Mai aske kai ya raba shi gida uku ko huɗu, ya bar ƙeya a ƙarshe don ta fi daɗewa a jiƙe.

7. Askin kansa

Gashinmu murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi ƙasa da fata, sai ya lanƙwasa ya koma ciki, shi ne ƙurajen aski da ke addabar wuya da ƙeya. Babu sabulun da zai hana su idan hannu bai gyaru ba, kuma yawancin sabulun da ake zargi da kawo ƙuraje, hannu ne ya kawo su.

Shafa tafin hannu a gashin kwana biyu ka gane inda ya kwanta. A wuya yakan juya gefe, wani wurin ma sama yake kallo. Bi kwanciyarsa. Riƙe reza a karkace, kusan digiri 30, kada ka danna, ja gajere-gajere, kana ɗauraye ta a kai a kai. Kada ka ja fata ta yi tauri sosai. Inda babu kumfa kada reza ta koma.

Zagaye ɗaya ya isa ga mai yawan ƙuraje. Wanda aikinsa ke son fuska sumul ya jiƙa, ya sake shafa kumfar da ta rage a buroshi, ya bi ta gicciye. Bin gashi ta baya, a bar shi.

Bayan zagayen farko, jiƙa yatsa ka shafa inda reza ta wuce. Sabulu mai kyau na barin santsi ko bayan kumfa ta tafi. Wanda ya bar fata tana kama yatsa bai dace da aska ba, musamman askar wanzami mai buɗaɗɗen baki.

Idan wanzami ke maka aski, babu abin da ya hana ka tafi da naka. Liƙa sabulun a kwano tun daga gida. Tsofaffin wanzamanmu da ruwa da tafin hannu suka saba, za ka ga ya tsoma hannu a ɗan kwano ya yi ta murza kai har gashi ya yi laushi, kuma wannan murzar ita ce rabin aikin, kada ka hana shi. In ya gama ka ce, “Baba, ga wani sabulu an kawo mini, a taimaka a gwada shi a kaina yau.” Ka tayar da kumfar da kanka a gabansa.

Hattara: sabuwar reza a ɓare ta a idonka, buroshi kuma naka kai kaɗai. Ciwon hanta nau'in B da C na bin jini, ɗan ƙwarzanen da ido bai gani ba ya isa. In za ku raba samfuri da aboki, ku raba da busasshen cokali tun kafin buroshin kowa ya taɓa shi.

8. Alif, mai, da shanya kaya

Wanke da ruwan sanyi har santsi ya fita. Jiƙa alif ka shafa a hankali. Inda ya yi zafi, nan reza ta ci fata, ka riƙe wurin a ranka. Zafi ko'ina na nufin kumfar ba ta kare ka ba ko ka danna. Bar shi rabin minti ka ɗauraye, don barinsa na busar da fata. Alif na kashe kumfa, kada ya kusanci kwano ko buroshi.

A kwanakin gwaji kada ka shafa turaren bayan aski mai barasa, zai rufe maka abin da kake son gani. Jira minti goma fuska ba komai, ka ji ko tana ɗaurewa. Sannan ka murza ɗan man kaɗe a tafi ka shafa.

Ɗauraye buroshi har ruwa ya fita garau, yarfe, ka ajiye a inuwa mai iska. Kwanon da ke da sabulu mai tauri ka tsiyaye shi, ka bar shi a buɗe ya bushe kafin ka rufe, nesa da ƙura. Robobin da ba ka buɗe ba ka haɗa su a leda mai zif ko kwalba mai murfi, ka sa a ƙasan akwati ko kusa da randa. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa na wuce digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka, turare kuma shi ke fara gudu. Fara da masu laushi, masu tauri sun fi jure jira.

9. Yanke hukunci

Samfuri ɗaya a lokaci guda, aski uku a jere aƙalla. Na farko na koyon ruwansa ne, na biyu gyara, a na uku ne za ka san sabulun. Ka bar tazarar da ka saba tsakanin aski da aski, kwana biyu ko uku. Wanda ya buɗe robobi biyar a mako guda don ɗokin ƙamshi zai ƙare da fuska mai zafi bai san mai laifi ba.

Banda guda: idan fuska ta ɗau zafi tun kumfa na kanta, reza ba ta taɓa ba, wanke nan take, kada ka sake. Wannan ba ya gyaruwa da ƙarin ruwa. Kumburin leɓe ko ido kuwa na likita ne.

Rubuta a waya ko bayan kalanda: sunan sabulu, ruwan da ka yi amfani da shi, yadda alif ya yi, yadda fata ta kasance bayan minti goma, da yadda wuya ya wayi gari a kwana na biyu. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi. Ƙamshi a ƙasa nake sa shi, tunda yawanci ba ya wuce ɗauraye fuska, sai dai idan ya yi maka ƙarfi har ya sa ciwon kai, ko uwargida ta ce ba ta son sa.

Rubuta watan ma. Sabulu mai mantol da ya yi maka daɗi a bazara na iya tsatstsage maka fata a Janairu, mai maiƙo da ya cece ka a hunturu kuma ya yi nauyi lokacin zufa. Idan samfurin ya kai giram 20 ko fiye, raba shi biyu ka ajiye rabi sai yanayi ya juya. Mutane da yawa a nan sukan ƙare da sabulu biyu, na zafi da na sanyi.

Kafin ka aika a sayo babba, raba kuɗinsa har da na kawowa da yawan giram ɗinsa, ka ga nawa aski ɗaya zai ci. Mai tauri ya fi mai laushi auki nesa ba kusa ba. Ka tambayi kanka kuma ko za ka sake samunsa in ya ƙare. Wanda ya yi maka daidai kuma ana samunsa a Yamai ko Ƙonni ya fi wanda ya ɗara shi kaɗan amma sai an jira mai dawowa daga Faransa.

10. Ragowar gutsattsari

Abin da ya manne a gindin roba, ɗiga ruwan ɗumi ka kwashe da yatsa zuwa kwano, yakan isa gyaran saje. Gutsattsarin waɗanda fatarka ta karɓa, kankare su wuri guda, yayyafa ruwa, danne da cokali, ka bar su kwana biyu a buɗe, za su zama dunƙule ɗaya na askin yau da kullum. Wanda ya taɓa yi maka zafi kada ko ɓawonsa ya shiga ciki, kuma kada ka haɗa mai mantol da sauran, don sanyinsa zai mamaye dunƙulen duka.